Fom ɗin da ya ƙi yi wa Kawu magana

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, ya shekara talatin da ɗoriya yana koyar da tarihi a makarantun sakandare na Jos kafin hawan jinin ido ya riƙa cin ganinsa ta gefe-gefe, har ta kai yanzu ba ya bambance komai sai haske da duhu. Mutum ne da bai yarda larura ta mayar da shi ɗan zaman ɗaki ba. Ya koyi aiki da TalkBack, wato manhajar wayoyin Android da ke karanta wa mutum duk abin da yatsansa ya taɓa, sannan ya sa aka ɗora masa NVDA, mai yin irin wannan aiki a kwamfuta, a tsohuwar kwamfutarsa, kuma da su biyun yake karanta jaridu, yake aika saƙo, yake duba abin da ya rage masa a banki. Muryar takan yi gudu har ni mai ido ba na tsintar komai a cikinta, shi kuwa yana kishingiɗe a ɗakinsa na Unguwar Rogo yana gyaɗa kai kamar mai sauraron labaran rediyo.

Wata Asabar cikin sanyin hunturun bara ya kira ni da sassafe, ya ce: "Ɗana, idan ka samu sarari ka biyo ta nan, wani fom ne ya ƙi yi mini magana." Fom ne na wani shirin tallafin magani ga tsofaffin ma'aikata, wanda masu shirin suka ɗora a shafinsu na intanet domin kowa ya sauke ya cike. Ya sauke shi da kansa ba tare da taimakon kowa ba, ya buɗe shi, manhajar ta karanta masa sunan fayil ɗin, daga nan ta yi tsit. Da na duba fuskar kwamfutar sai na ga shafi huɗu cike da tambayoyi, sun ɗan karkace zuwa hagu, ga hatimi a ƙasa, ga kuma inuwar ƙarfen da aka maƙale takardun da shi a kusurwar sama. Wani ma'aikaci ne ya buga fom ɗin, aka sa masa hannu, sannan ya aza shi a na'urar sikanin ya ɗauki hotonsa. A idona rubutu ne, amma a wurin kwamfuta babu ko harafi ɗaya a cikinsa, ɗigo-ɗigon baƙi da fari ne kawai, daidai da hoton ɗaurin aure ko na dutsen Shere.

Na zauna ina karanta masa yana ba ni amsa. Suna, ranar haihuwa da adireshi duk sun wuce lafiya. Da muka iso shafi na uku, inda ake tambayar nawa ke shigo masa a wata, da ko ana bin sa bashi, da kuma wasu cututtuka da dattijo ba ya ambata a gaban ɗan 'yar uwarsa, sai ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya yi murmushi ya ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, amma yau fom ya fasa nasa. Ya faɗa mini, na rubuta, ba mu sake tayar da maganar ba. Tun ranar nake tunanin waɗanda ba su da ɗan uwa a kusa, waɗanda sai an ja su zuwa shagon kwamfuta a Titin Bauchi ko wajen Terminus, su tsaya cikin jama'a suna faɗa wa yaron shago lambar asusunsu da lambar BVN da sunan magajinsu da babbar murya, sannan su biya kuɗin bugawa da na cikewa da na sikanin. Galibi idan ana wannan magana akan tsaya a kan wahala, ni kuwa abin da na gani a fuskar Kawu ya fi wahala ciwo. Mutumin da ya yi shekaru yana koyon yadda zai rabu da ɗan jagora, takarda ɗaya ta mayar da shi hannunsa, kuma ta tilasta masa buɗe sirrinsa kafin a ba shi abin da ya cancanta.

Ranar Litinin na koma wurin aikina, wata makaranta mai zaman kanta inda nake kula da kwamfutoci da shafin intanet, na buɗe fom ɗin neman gurbin karatu da iyaye ke saukewa. Hoto ne shi ma, kuma da hannuna na yi masa sikanin shekara uku da suka wuce. Na san dalilin da ya sa na yi haka, kuma ina kyautata zaton shi ne dalilin yawancin ofisoshinmu. Shugaba yana son hatimi da sa hannunsa su fito a kan takarda don kada a ce ta bogi ce, ana kuma tsoron kada wani ya sauya wani abu a ciki, sannan sau da yawa asalin fayil ɗin ya tafi tare da magatakardan da ya buga shi, abin da ya rage sai kwafi ɗaya a cikin durowa. Babu mugunta a ciki ko kaɗan. A rashin sani kaza ta kwana a kan dami, domin kuwa kayan gyaran suna cikin kwamfutar da nake zaune a gabanta kullum.

Yana da kyau mai karatu ya san yadda abin yake aiki, don ya ga cewa matsalar hawa-hawa ce. Kamfanin Adobe ya fito da tsarin PDF, wato nau'in fayil ɗin da galibi ake sauke irin waɗannan fom a cikinsa, a 1993 domin takarda ta fito iri ɗaya a kowace kwamfuta da kowace na'urar bugawa, wato damuwarsa ta farko ita ce kamanni. Saboda haka ko fayil ɗin da ke da rubutu na gaske a ciki yana iya rikita makaho, idan ba a sa masa ɓoyayyun alamomin da ke shaida wa manhaja cewa wannan kanun magana ne, wannan jadawali ne, wannan layin kuma shi ke biye da wancan ba. Idan babu su, fom mai rukuni biyu a shafi ɗaya yakan fito a cakuɗe, a karanta rabin tambayar hagu a haɗa ta da rabin ta dama. Akwai ma ƙa'ida ta duniya da aka fitar a 2012 musamman don wannan, mai suna PDF/UA. Sai kuma hawa na gaba, wato guraben cikewa. Mu a nan mun saba da jera ɗige-ɗige ko jan layi bayan kalmar "Suna", wanda ya dace da mai biro, amma mai kwamfuta ba shi da inda zai rubuta. Fom na ƙwarai yana da gurabe na gaske da ake shiga da madannin Tab ɗaya bayan ɗaya, kuma kowane gurbi yana ɗauke da sunansa, ta yadda idan mutum ya iso kansa muryar za ta ce masa nan ne wurin sunan mahaifi. Na sha ganin fom da aka yi wa gurabe aka manta da sunaye, sai muryar ta yi ta nanata kalma ɗaya sau arba'in, mutum bai san ko shekarunsa ake nema ko lambar waya ba.

Akwai manhajojin da ke duba hoton takarda su tsamo haruffan da ke ciki, kuma Kawu yakan nemi taimakonsu. Suna rage zafi, amma takardar da ta karkace ko hatimi ya hau kan rubutunta takan ruɗe su, kuma a abin da na gwada da kaina haruffanmu masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ, su ne suka fi shan wuya, domin sau tari akan mayar da su wasu haruffan dabam ko a bar alamar tambaya a gurbinsu. Ko da an yi sa'a an karanto tambayoyin daidai, har yanzu babu wurin rubuta amsa, kuma umarnin ƙarshe yana nan yana jira: a buga, a sa hannu, a liƙa hoto, a sake yin sikanin, a tura.

Kada a ɗauka wannan ta makafi ce kaɗai. Dattijuwar da ganinta ya yi rauni takan faɗaɗa rubutu a waya, shi kuwa PDF galibi ba ya sake jeruwa ya dace da faɗin waya, sai ta yi ta jan shafi dama da hagu a kan kowane layi har ta manta farkon jimlar. Wanda ya samu shanyewar ɓarin jiki, ko hannunsa ke karkarwa, ba ya iya saita linzamin kwamfuta a kan ƙaramin akwati, da madannai kaɗai yake aiki. Wanda ba ya bambance ja da kore ba zai gane abin da ake nufi da "a cike duk guraben da aka yi wa ja" ba. Hoton takarda kuma ya fi rubutu nauyi nesa ba kusa ba, don haka mai 'yar ƙaramar data ma ya shiga sahu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin mutum biliyan 1.3, wato kashi 16 cikin ɗari na mutanen duniya, suna rayuwa da wata babbar larura ta nakasa, kuma duk wanda Allah ya ja kwanansa zai iso wani ɓangare na wannan layi.

Bayan wata biyu sai ga kashi na biyu na darasin. 'Yar autar Kawu ta samu gurbin wani kwas a Abuja, aka turo mata adireshin wani masaukin ɗalibai mata mai zaman kansa, wanda shafinsa ke alfahari da cewa ana iya zagaya ginin gaba ɗaya ta intanet. Irin wannan zagaye ya yaɗu sosai tun 2020, lokacin da annobar korona ta kulle mutane a gida, makarantu da otal-otal da dillalan gidaje suka koma nuna wurarensu da kyamarar da ke ɗaukar kowace kusurwa. Kawu, kamar kowane uba, yana son sanin inda 'yarsa za ta kwana. Muna buɗe shafin sai kiɗa ya tashi da kansa ya danne muryar NVDA, muka rasa inda za a kashe shi. Da muka rage sautin kiɗan sai muryar ma ta ragu tare da shi, tunda lasifika ɗaya suke amfani da ita. Kiban da ake dannawa a shiga ɗaki zuwa ɗaki kuwa, wasu madannin Tab ba ya isa gare su sam, waɗanda ya isa kuma ba su da suna. Hoton yana ta juyawa da kansa har ni ya fara sa ni jiri. Kawu ya saurara na kusan minti biyar, sannan ya ce: "To, ɗana, an ce gani ya kori ji, amma ban taɓa zaton korar ta kai a rufe masa ƙofa ba."

Tambayoyinsa ba su da yawa, kuma duk masu amsuwa ne da layi goma na rubutu. Mutum nawa ne a ɗaki, makewayi a ciki yake ko a waje, akwai mai gadi a ƙofa da dare, ina ake girki, akwai wurin salla, tafiyar minti nawa ce zuwa bakin titi. Ni da nake kallon hoton ma ban samu amsar rabinsu ba, na dai ga labule masu kyau da tayil mai sheƙi. A nan na lura da wani abu da ya fi ba ni haushi. Zagayen yana farawa ne daga cikin falo, kuma yana tsallake mutum daga wannan tsayuwa zuwa waccan kamar tsuntsu, saboda haka matakala ba ta taɓa bayyana. Na kirga hawa uku a ginin daga hoton waje, amma ban ga tsani ko ɗaya ba. Ga mai keken guragu, wanda shi ne ya fi kowa buƙatar ya ga wuri kafin ya kashe kuɗin mota daga Jos zuwa Abuja, abin da yake nema shi ne bakin ƙofar shiga, da kwatar da ke gabanta, da faɗin ƙofar makewayi, da tsawon dakalin da zai hau. Su ne kuma ainihin wuraren da mai kyamara ke kauce wa don ba su da kyan gani. Idan kuma an haɗa da bidiyon wani jami'i yana bayani, ba kasafai ake rubuta abin da yake faɗa a ƙasa ba, balle a sa mai maganar hannu, sai kurma ya ga baki yana motsi kawai.

Da yammacin nan, ban san abin da ya kawo zancen ba, Kawu ya shiga ba ni labarin yadda yake kai ɗalibansa gidan tarihi na Jos, wanda Bernard Fagg ya kafa aka buɗe a 1952. Ya fara da mutum-mutumin yumɓu na Nok, waɗanda masu haƙar kuza suka fara tonowa, ya kwatanta mini idanunsu masu kusurwa uku da hujin da ke tsakiyar ƙwayar idon da irin kitson da ke kansu. Daga nan ya ɗauke ni zuwa sashen gine-ginen gargajiya, inda aka kwaikwayi ganuwar Kano da masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani. Ya faɗi ta inda ake shiga, da yadda sanyi ke dukan mutum yana sa ƙafa a ciki, da yadda bakan gizo ke tashi daga ginshiƙai su haɗu a sama su riƙe rufin, da yadda muryar yara ke dawowa idan sun yi surutu. Na je wurin fiye da sau biyar da idanuna biyu, amma sai a ranar na san yadda aka jera shi. Abin da ya yi mini da baki cikin minti goma shi ne abin da masu zagayen intanet ke bari a baya, wato bayani bi da bi, daga ƙofa zuwa ƙurya, da nisa da girma da abin da ke hagu da dama. Rubuta irinsa a ƙarƙashin hoton ba ya cin ko kashi ɗaya cikin goma na kuɗin hayar kyamarar.

Duk waɗannan abubuwa a rubuce suke tun tuni. Ƙungiyar W3C, mai tsara ƙa'idojin shafukan intanet, ta fitar da jagorar da ake kira WCAG tun 1999, ta sabunta ta a 2008 da 2018 da kuma 2023. A ciki an ce duk hoton da ke ɗauke da ma'ana a ba shi bayani a rubuce, duk abin da ake yi da linzami ya zama ana iya yin sa da madannai, sautin da ya tashi da kansa ya wuce daƙiƙa 3 a samar da hanyar tsayar da shi, haka ma abin da ke motsi da kansa fiye da daƙiƙa 5. Kamar wanda ya rubuta ta yana zaune tare da mu a ɗakin Kawu. Ita kanta NVDA kyauta ce, wani makaho ɗan Ostareliya mai suna Michael Curran ya fara ta a 2006, daga baya abokinsa James Teh, shi ma makaho, ya haɗa hannu da shi, don haka duk mai gina shafi yana iya ɗora ta ya rufe ido ya ji abin da ya gina.

Ta fuskar doka ma ba a bar mu a baya ba. Nijeriya ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin nakasassu a 2010, kuma sashe na 9 na yarjejeniyar ya ambaci intanet da sunanta cikin abubuwan da ya wajaba a sauƙaƙa musu. A watan Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa nakasassu bambanci, wadda ta tanadi tarar naira miliyan 1 ga kamfani, da naira 100,000 ko ɗaurin wata 6 ga mutum ɗaya, ta kuma ba gine-ginen jama'a wa'adin shekara 5 su gyara hanyoyin shigarsu. A ƙarƙashinta aka kafa hukumar kula da nakasassu ta ƙasa a Abuja a 2020. Sai dai a duk tarukan da na ji ana tattauna dokar, zancen yakan tsaya ne a kan gangaren siminti a bakin ƙofa, alhali ofisoshi da dama sun riga sun kwashe ƙofar tasu sun mayar da ita intanet, inda za ka je da ƙafarka a ce maka ka koma ka sauke fom. Mu mutanen Filato kuwa ya kamata kunyar ta fi kama mu, domin a Gindiri aka buɗe makarantar makafi tun 1953, kuma Jami'ar Jos ta daɗe da yin suna wajen horar da malaman masu buƙata ta musamman. Masu ilimin da za su gwada mana shafukanmu suna nan cikin gari, ba a dai neman su.

Gyaran fom ɗin makarantarmu ya ci mini yammaci uku. Na sake buga shi daga farko, na yi kanun magana da tsarin da manhajar rubutu ta tanada maimakon ƙara wa haruffa girma da hannu, na sa gurabe na gaske, kowanne da sunansa. Na kuma yi wani a kan shafin kansa, wanda ake cikewa kai tsaye a waya ba sai an sauke komai ba, kuma a ganina shi ya kamata ya zama na farko a ko'ina, mai saukewa ya zama na ko-ta-kwana. Mahaɗin da a da aka rubuta wa "danna nan" na sauya shi ya faɗi sunan fom ɗin da nau'insa da nauyinsa, domin masu manhajar karatu sukan sa ta jero musu mahaɗan shafi kaɗai, kuma "danna nan" guda bakwai a jere ba sa gaya wa kowa komai. Gwajin da na yi kowa zai iya yin sa: ka ja linzami a kan rubutun ka gani ko zai zaɓu, ka nemi wata kalma a ciki ka gani ko za a samo ta, sannan ka ture linzamin gefe ka bi fom ɗin da Tab daga sama har ƙasa. Inda aka sha daga shi ne wurin shugabar makaranta, wadda ta ce fom marar hatimi ba fom ba ne. Muka daidaita a kan cewa za a sa hoton hatimin a kusurwa, tare da ɓoyayyen bayanin da ke cewa hatimin makaranta ne, sa hannun iyaye kuma a bar shi sai ranar da suka kawo yaro.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci na kai wa Kawu. Ya sa abin sauraro a kunne, ya ce in zauna can nesa kada in ce uffan. Na ga yatsansa yana sauka a kan Tab, yana tsayawa, yana bugawa, har ya kai ƙarshe cikin ƙasa da minti goma, ya ƙirƙiro wa kansa jika mai shekara shida ya nema masa aji ɗaya. Da ya cire abin kunnen ina jiran yabo, sai ya ce: "Daga sunan uba ka tsallake da ni zuwa asibitin da za a kai yaro idan ya faɗi, sannan ka dawo da ni sana'ar uba. Kuma gurbin ranar haihuwa bai gaya mini ko rana ake fara rubutawa ko wata ba. Ɗauko kwamfutar taka, a nan za ka gyara kafin la'asar."